Kafin a damƙa wa ofishin lauyoyi rajistar fasaha a ƙasashe da dama

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in yi tsokaci kan ofisoshin lauyoyin da ke tallata kansu a matsayin masu kula da haƙƙin mallakar fasaha a yanki guda, wato waɗanda ke alkawarin yi wa mutum rajistar tambarin kasuwancinsa, ko sabon abin da ya ƙirƙira, ko zanen kayansa, a ƙasashe da yawa ta hannu ɗaya. Ban musanta amfanin aikinsu ba. Abin da ya dame ni shi ne masu zuwa wurinsu sukan fito da zaton cewa an kāre su a ko'ina, kuma ba kowane ofishi ne ke ɗaukar wahalar gyara musu wannan zato ba.

Haƙƙin tambari da na ƙirƙira suna tsayawa ne a iyakar ƙasar da ta bayar da su. Babu wata takarda ɗaya da ake kira rajistar duniya, duk da cewa ana yawan jin wannan furuci a bakin 'yan kasuwa. Hukumar WIPO, wato hukumar kula da haƙƙin mallakar fasaha ta duniya da ke Jeniba, wadda aka kafa da yarjejeniyar 1967, tana karɓar takardu ta miƙa su, amma yanke hukuncin ba da haƙƙi ko hana shi yana hannun ofishin kowace ƙasa ko na yanki. Saboda haka ne ma ofisoshin lauyoyi na yanki suka samu gurbi, domin ɗan kasuwar da kayansa ke tsallaka iyakoki huɗu ko biyar ba zai iya bin kowace hukuma da ƙafarsa ba, bare ya san harshenta da fom ɗinta da ranakunta.

Ranakun nan su ne zuciyar aikin. Yarjejeniyar Faris ta 1883 ta ba wanda ya shigar da takarda a wata ƙasa damar shigar da ita a sauran ƙasashen yarjejeniyar, a lissafa masa daga ranar farko, muddin ya yi hakan cikin wata 12 idan ƙirƙira ce, ko cikin wata 6 idan tambari ne ko zanen kaya. Tsarin PCT na 1970, wato yarjejeniyar da ke ba da damar shigar da takardar ƙirƙira guda ɗaya domin ƙasashe da yawa, yana tsawaita wa mai ƙirƙira numfashi har zuwa wata 30 a yawancin ƙasashe kafin ya zaɓi inda zai shiga, amma ba ya ba shi haƙƙin da kansa. Lauyan da ya bari ɗaya daga cikin waɗannan ranaku ta wuce ya jawo wa wanda yake wakilta asarar da sau da yawa ba ta gyaruwa. Haka kuma lauyan da bai gargaɗe shi tun zaman farko cewa kada ya nuna ƙirƙirarsa a kasuwar baje koli ko a intanet kafin a shigar da takarda ba, domin a Turai irin wannan nunawa tana kashe sabuntar abin, yayin da Amurka ke ba mai ƙirƙira sassaucin shekara guda.

Inda nake so in tsaya sosai shi ne kalmar yanki kanta, domin tana rufe abubuwa da yawa. A Afirka akwai hukumomin yanki biyu waɗanda tsarinsu ya sha bamban. OAPI, wadda ke da hedikwata a Yawunde kuma take aiki da yarjejeniyar Bangi ta 1977, tana da ƙasashe 17, ciki har da Nijar da Kamaru da Chadi da Senegal, kuma rajista ɗaya a wurinta tana aiki a dukkansu kai tsaye. ARIPO kuwa, wadda aka kafa da yarjejeniyar Lusaka ta 1976 kuma take zaune a Harare, mai nema ne ke zaɓar ƙasashen da yake so, kowace ƙasa kuma tana da ikon cewa ba ta amince ba a cikin iyakarta. Ƙari a kan haka, ba duk ƙasashen ARIPO ne suka shiga yarjejeniyar Banjul ta 1993 da ta shafi tambari ba. Sannan ga manyan kasuwanni irin su Najeriya da Afirka ta Kudu da Masar, waɗanda ba su cikin ko ɗaya daga cikin hukumomin biyu, sai an je ofishin kowace ɗaya daban. To idan ofishin lauyoyi ya rubuta a allonsa cewa yana kula da Afirka ta Yamma, yana nufin hanyoyi uku mabambanta ke nan, wato OAPI da ARIPO da ofishin ƙasa kai tsaye, da harsuna aƙalla biyu, kuma wanda zai biya kuɗi yana da haƙƙin a zayyana masa wace hanya aka bi don wace ƙasa. Ko a Turai, inda tambari ɗaya daga ofishin Tarayyar Turai da ke Alikante ke rufe ƙasashe 27, Birtaniya ta fita daga lissafin tun bayan ficewarta daga Tarayyar.

Galibin irin waɗannan ofisoshi ba su da reshe a kowace ƙasa, wakilai suke amfani da su, kuma wannan ba aibi ba ne, domin hukumomi da yawa suna wajabta wa baƙo ya shigo ta hannun wakilin da suka amince da shi. Aibin yana zuwa ne idan an ɓoye. Ya kamata a tambaya wane ne zai sa hannu a kowace ƙasa, da sunan wa za a yi rajistar, kuma wa zai tsaya a kotu idan aka kama jabun kaya, tunda lauya ba ya bayyana a gaban alƙalin ƙasar da ba ta ba shi lasisi ba. Ya kamata kuma a raba wa mutum kuɗin hukuma da ladan lauya da ladan wakili a rubuce, kowanne a layinsa. Ana yi wa tambari rajista ne bisa rukunan kaya 45 na tsarin Nis, wato tsarin ƙasa da ƙasa na kasa kaya rukuni-rukuni, 34 na kayayyaki 11 na hidimomi, kuma wanda aka yi wa rajista a rukuni ɗaya alhali yana sayar da kayan da suka faɗa cikin rukunai uku ya biya kuɗi ne ya bar ƙofa biyu a buɗe.

Marubuta da mawaƙa su ma su lura. A ƙarƙashin yarjejeniyar Ban ta 1886, haƙƙin mallakar rubutu da waƙa ba ya jiran rajista, yana tabbata ne da zarar an samar da aikin. Abin da suka fi buƙata a wurin lauya shi ne kwangila mai kyau da mawallafi ko mai rarrabawa, da hujjar da za ta nuna su ne suka fara yi.

Saura maganar sabuntawa, wadda ita ce ake mantawa bayan an karɓi takardar shaida an sa a firam. Haƙƙin ƙirƙira yana kai shekara 20 ne idan ana biyan kuɗin riƙe shi a kan kari. Tambari a OAPI ana sabunta shi duk shekara 10, a Najeriya kuwa bayan shekara 7 na farko, daga nan sai duk shekara 14. Ina ba da shawarar duk wanda zai ƙulla da ofishin lauyoyi na yanki ya nemi a rubuta masa waɗannan ranaku ƙasa bayan ƙasa a cikin takardar yarjejeniyarsu, tare da bayanin wanda nauyin tunatarwa ya rataya a wuyansa, ya kuma ajiye kwafinsa a hannunsa ko da wata rana ya sauya lauya.

Wassalam.

Naka,
Mai karatu