Hatsarin Jirgin Merida da Masu Ƙorafin Jinkiri

Malam Edita,

Assalamu alaikum. A lokacin hunturun da ya wuce na je filin jirgin sama na nan Kumasi da niyyar tafiya Accra, sai hazo ya rufe gari, aka jinkirta tashinmu. Fasinjoji suka yi ca a kan ma'aikata, har wani dattijo da nake ganin girmansa yana cewa matuƙan zamanin nan tsoro ya yi musu yawa. Na yi shiru saboda ladabi, amma maganar ta tsaya mini a rai, shi ya sa na rubuto muku.

A ranar 21 ga Fabrairun 2008, wani jirgin kamfanin Santa Barbara ƙirar ATR 42 ya tashi daga Merida a ƙasar Benezuwela zuwa Karakas ɗauke da mutum 46. Garin Merida yana cikin kwari ne, tsaunukan Andes sun kewaye shi, don haka duk matuƙin da zai fita daga can dole ya san alƙiblarsa daidai. Masu bincike sun gano cewa matuƙan biyu sun makara wajen shiga jirgin, suka yi ta gaggawa don cike lokacin da ya kuɓuce musu. Na'urar da ke nuna wa matuƙi inda ya dosa da yadda jirgi ya karkata tana buƙatar kamar minti uku jirgi na tsaye cak kafin ta daidaita, su kuwa suka motsa shi saura ƙasa da rabin minti ta gama. Suka tashi da ita a rikice, suna zaton za su gyara ta a sama, suka shiga gajimare, kuma 'yan mintoci bayan tashi jirgin ya daki dutse. Ba wanda ya tsira.

Babu wanda ya isa ya ja da ajali, amma gaggawar da ta halaka waɗannan bayin Allah ita ce muke nema daga matuƙanmu duk ranar da muka ɗaga murya a ɗakin jira.

Roƙona shi ne, kafin hazon bana ya sauko, ku gayyato wani tsohon matuƙi ko jami'in hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Ghana cikin shirinku, ya bayyana wa mutanen zango da Hausa abin da ake dubawa kafin jirgi ya tashi, da dalilin da ke sa a dakatar da shi.

Mai sauraronku,
daga Aboabo, Kumasi