Kira ga malaman Ingilishi kan kalmomin kewaye da jan magana

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka domin in ja hankalin ƴan'uwana malaman Ingilishi zuwa ga wani lungu na wannan harshe da muke tsallakewa a aji, wato kalmomin da ake siffanta magana mai kewaye ko mai tsawo da su. Tun da kundin sake gina ƙasar Nijar na watan Maris 2025 ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, ya kuma ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki, yaranmu za su ƙara cin karo da Ingilishi a ofis da kasuwa, balle mu mutanen Maradi da cinikinmu ba ya rabuwa da Katsina da Kano.

Abin da ke damuna shi ne yadda muke tara waɗannan kalmomi a allo, mu ja musu layi ɗaya, mu ce duk ma'anarsu kewaye-kewaye ce. Shi ya sa za ka buɗe littafin yaro ɗan lise, wato babbar sakandare, ka tarar ya rubuta cewa hanyar zuwa garinsu "verbose" ce, alhali kuwa wannan kalma, wadda tushenta "verbum" ne na Latin, ba ta hawa kan komai sai magana ko rubutun da kalmomi suka yi wa yawa. Ita da "wordy" da "long-winded" da "prolix" duk ƙorafi ne kan tsawo: mai maganar bai ɓoye komai ba, ya dai gajiyar da mai sauraro, abin da maƙwabtanmu na ƙetaren iyaka suke kira dogon Turanci.

Hanya kuwa tana da nata kalmomin. Lokacin da aka rufe iyakar Nijar da Najeriya a 2023, direban da ya bar titin Ɗan Isa da Jibiya ya bi ta daji, hanyarsa "roundabout" ce ko "circuitous", domin ya zagaya kafin ya isa, ko da bai ce uffan ba a tafiyar. "Meandering" ta samo asali daga sunan wani kogi mai yawan lanƙwasa a ƙasar Turkiyya ta yau, kuma ba sai an je da nisa ba wajen nuna wa yaro ma'anarta, tunda Gulbin Maradi yana fitowa daga Najeriya, ya karkato cikin ƙasarmu, sannan ya sake komawa can. Idan aka aro ta aka ɗora wa jawabi, ana nufin mai shi yana yawo ba tare da sanin inda zai sauka ba.

Inda na fi son mu tsaya da kyau shi ne wajen niyya. Kalmar "evasive" zargi ce kai-tsaye, tana nufin an tambayi mutum yana noƙe-noƙe da kwana-kwana don kada ya faɗi gaskiya. "Circumlocution" kuma ita ce zuba kalmomi da yawa a zagaye abin da kalma ɗaya za ta wadatar, sau da dama da gangan. Amma "indirect" da "oblique" ba lallai su ɗauki zargi ba. Wannan bambanci yana da nauyi a wurinmu, domin a tarbiyyar Bahaushe kewaye sau da yawa ladabi ne. Matar da ba ta kiran sunan ɗanta na fari, da dattijon da ya je neman aure ya fara da doguwar gaisuwa da tambayar gida da gona, da wanda ya yi wa babba hannunka-mai-sanda maimakon ya gyara masa a gaban jama'a, babu mai kwana-kwana a cikinsu. Kunya ce da kara. Yaron da zai fassara wa baƙo irin wannan zama, idan "evasive" kaɗai ya sani, zai mayar da mutanen kirki marasa gaskiya a idon baƙon. Haka nan idan ya rubuta wa wani kamfani takardar neman aiki da irin shimfiɗarmu, za a iya ajiye ta tun kafin a kai ga buƙatarsa, domin masu wannan harshe ba sa wasa da taƙaitawa, har a Amurka an yi doka a 2010 da ta wajabta wa ma'aikatun tarayya rubuta takardun jama'a a sarari.

Aikin bai kai wuyar da ake zato ba. Yawancin kalmomin nan daga Latin suka fito, wasu ta hanyar Faransanci, don haka yaron da ya san "verbeux" da "prolixe" da "méandre" ya riga ya ci rabin tafiya. Sauran rabin Hausa ce za ta cika shi, ita da ta raba surutu da habaici, ta raba shaguɓe da zaurance. Ina roƙon masu horar da malamai da masu tsara manhaja su ba malami damar bayyana waɗannan bambance-bambance da Hausa a cikin aji, kuma kowace kalma a koyar da ita cikin cikakkiyar jimla tare da faɗin wanda ya dace a jefa wa ita.

Wassalam.

Wani malamin Ingilishi,
Maradi