Takardar Koke Kan Tsohon Gidan Yarin Arthur Head, Fremantle

Zuwa ga Mai Girma Magajin Gari da 'yan majalisa,

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa da ban girma, mu mazauna bakin teku muna neman afuwa, abin ne ya kai mu maƙura.

Makon jiya aka wayi gari wasu sun fesa fenti a bangon Round House, wato tsohon gidan yarin nan. Kafin rana ta faɗi wani ya kawo mesa mai ƙarfi wai zai wanke. Fentin ya fita, fatar dutsen ta bi shi. Ginin 1831 ne fa, zanen injiniya Henry Reveley, mai kusurwa 12, kuma duk Yammacin Ostireliya babu ginin gwamnati da ke tsaye yau da ya girme shi.

Dutsen farar ƙasa da aka yi ginin da shi yana shan ruwa kamar soso. Iskar teku tana cusa masa gishiri, gishirin ya bushe a ciki, dutsen ya dinga zubowa kamar gari. To wanda aka ɗaye wa fata fa? Kada kuma a ce za a liƙe da siminti: siminti ya fi dutsen tauri, yana tsare danshi, sai gefensa ya rube.

Mun sha faɗin haka, a baki da a takarda, har mun daina ƙirgawa.

Muna roƙon alfarma a hana mesa da burushin ƙarfe a jikin ginin. Fenti da jiƙo ake cire shi, a fara gwadawa a ɗan wuri. Ciko kuwa farar ƙasa ɗaya, yashi uku, a rufe da jiƙaƙƙen buhu ya bushe a hankali. A duba magudanan ruwa kafin ruwan Yuni, domin abin da ya kwanta a tudun ƙasa yake bi, kuma ramin da masu farautar manyan kifaye suka haƙa a 1837 yana ƙarƙashin nan, mutane na wucewa kullum. A ƙara fitila. Mesar nan dai, don Allah, a hana.

A kuma zauna da dattawan Whadjuk, 'yan asalin wannan yanki, kafin a taɓa komai. A ɗakunan nan aka tsare 'yan asalin ƙasa kafin a tsallaka da su tsibirin Rottnest tun daga 1838.

Muna jiran amsa a rubuce, ranku ya daɗe.

Mazauna yankin Arthur Head