Rahoton Ayyukan Shekara ga Mambobin Ƙungiya: Abin da Aka Yi wa Ɗaliban Zane-zane

Assalamu alaikum. Iyayen ƙungiya, malamanmu da sauran 'yan uwa mambobi, kwamitin zartarwa na gaishe ku da fatan alheri.

A babban taron bara kun ɗora mana aiki guda: a rage wa ɗaliban zane-zane na jami'a nauyin kayan aiki. Duk wanda ya shiga kasuwa neman fentin mai ko kanbas ko takardar zane tun bayan da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023 ya san dalili, domin yawancin kayan nan daga waje ake shigo da su. Ɗalibin shari'a yana iya aron littafi ya mayar, amma fenti ba a aronsa, abin da aka shafa ya tafi. Sai yaro ya fara tsoron takarda, ya yi ɗan zane ɗaya yana lallaɓa shi mako guda, alhali hannu ba ya faɗawa sai an ɓata takardu da yawa. Abin da ke asusunmu ba zai kai ko'ina ba idan raba shi za a yi. Shi ya sa muka karkata ga koya wa ɗalibai haɗa kayan da kansu, a rumfar aikin da ƙungiya ta kama haya, lokacin hutu da ƙarshen mako.

Hanyar ba baƙuwa ba ce ga makarantar da mafi yawanmu muka fito. Sashen zane ya taso daga Ibadan zuwa Zariya a 1955, ƙarƙashin tsohuwar kwalejin fasaha da kimiyya, tun kafin a kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A 1958 ɗalibai irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyarsu, suna cewa a ɗauki dabarar Turawa a haɗa da abin gida. Su a kan siffa da ma'ana suka yi magana. Mu tsadar kasuwa ce ta kai mu ga yumɓu da ƙaro da baba.

Yumɓu da gashi

Nan aka fi shan wahala, nan kuma aka fi samun riba. Tsarin da muka tsayar shi ne: a haƙo yumɓu, a shanya shi ya bushe ƙarau, a farfasa, sannan a jiƙa a cikin duro kwana biyu zuwa uku. Yumɓu mai danshi ba ya narkewa a ruwa, dunƙulewa yake yi, don haka busarwar farko ba a tsallake ta. Idan ya zama kamar kunu sai a tace da rariyar waya mai ƙananan ido, a bar shi ya kwanta, a tsiyaye ruwan sama, a zuba a kan buhu bisa busasshiyar ƙasa har ya yi taurin da za a iya cuɗawa. Ana ƙara garin tsingaro kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari, ya rage tsukewa ya kuma ba ruwa hanyar fita.

Kafin a gina komai, kowane ɗalibi yana yin ɗan sandan gwaji, ya ja masa layi mai tsawon santimita 10, ya auna bayan ya bushe, ya sake aunawa bayan gashi. Yumɓun da ya tsuke fiye da kashi 12 cikin ɗari zai ba da matsala sai an ƙara masa tsingaro. Gwaji na biyu ruwan lemon tsami ne: a ɗiga a kan busasshen yumɓu, in ya yi kumfa akwai alli a ciki. Ƙwayar alli tana fita daga murhu lafiya lau, bayan 'yan makonni ta sha danshin iska ta kumbura, ta ɓalle fuskar tukunya, a ga ɗan farin ɗigo a tsakiyar ramin. Ɓarɓashin filasta ma haka yake yi, shi ya sa muka raba teburin filasta da na yumɓu gaba ɗaya.

Asarar da aka yi a karon farko da muka gasa kaya daga abu biyu ta zo. Na ɗaya hunturu: iska tana busar da baki da mariƙi kafin gindi, sai tsagewa ta bi mahaɗa. Maganinsa a rufe aiki da leda kwanakin farko, a riƙa buɗewa kaɗan-kaɗan. Na biyu gaggawar wuta. Ruwan da ya rage a jikin yumɓu yana zama tururi a digiri 100, kuma aikin da kaurinsa ya wuce santimita 2 ba a rarake cikinsa ba, fashewa yake yi ya ɓata na kusa da shi. Yanzu ana ɗaukar awa biyu zuwa uku kafin a wuce digiri 200, ƙofar murhu a ɗan buɗe. Ana sake sassautawa wajen digiri 573, inda yashin da ke cikin yumɓu yake kumbura farat ɗaya, kuma haka yake tsukewa in ana hucewa. Gashin farko, wanda ake yi kafin a shafa ruwan ƙyalli, yana tsayawa tsakanin digiri 900 da 1000. Ba a buɗe murhu sai ya huce har a iya taɓa kaya da hannu, ko da masu aikin suna tsaye suna roƙo.

Game da ruwan ƙyalli, wato haɗin da ake shafa wa tukunya ya narke a wuta ya zama kamar gilashi, mun gwada tsohon haɗin nan na toka kashi 40, felsfa (wani ma'adinin dutse) kashi 40, yumɓu kashi 20. Yana buƙatar zafi wajen digiri 1250, kuma jan yumɓun da ake samu a yawancin fadamu ba ya jure wannan, lanƙwashewa yake yi ko ya yi ƙuraje. Dole a haɗa jiki da farin yumɓu irin kawolin na Ƙanƙara ta jihar Katsina. Wannan matsalar ce Michael Cardew, Bature mai ginin tukwane, ya yi fama da irinta a cibiyar tukwane da ya buɗe a tsohuwar Abuja, Suleja ta yanzu, inda shahararriyar mai ginin tukwane Ladi Kwali ta shiga a 1954. Ita ce a bayan takardar naira 20, kuma jami'ar Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Gwajin namu bai kammala ba, ƙyallin yana tsattsagewa a wasu kwanuka, alamar jiki da ƙyalli ba sa tsukewa daidai. Abu ɗaya dai kwamiti ya haramta ba tare da muhawara ba: dalma, musamman wadda ake cirowa daga tsohon batirin mota don ƙyalli ya narke a ƙaramar wuta. Wanda ya tuna yaran da gubar dalma ta kashe a Zamfara a 2010 ba zai sa ta a kwanon abinci ba.

Kayan zane da fenti

Wannan ya zo da sauƙi. Gawayin zane: a yanka ƙananan rassa kaurin fensir, a ɓare bawo, a cika gwangwani mai murfi, a huda rami ɗaya, a sa cikin wuta kamar awa guda har hayaƙi ya daina fita. In an buɗe da zafi iska ta shiga, toka za a tarar.

A madadin kanbas ana amfani da akoko mai kauri. A ja shi a kan firam daga tsakiyar kowane gefe zuwa kusurwa, gefe da kishiyarsa, a shafa farin gam na kafinta da aka sirka da ruwa, sannan fentin bango fari shafi biyu ko uku marasa kauri, ana gogewa da samfefa tsakani. Wanda ya tsallake gam, mai zai ratsa zaren ya ruɓar da shi cikin 'yan shekaru. Shafi ɗaya mai kauri kuma tsagewa yake yi da zarar an naɗe aikin.

Fentin ruwa daga ƙaro muke haɗa shi, awo ɗaya na ƙaro a awo biyu na ruwan ɗumi, a tace, a sa ɗan zuma don kada ya farfashe in ya bushe, sannan a niƙa jar ƙasa ko rawaya ko baƙin tukunya a ciki. Ɗaliban da suka yi makarantar allo ba su sha wuya ba ko kaɗan, domin tawada ce da suka sani, launi kawai aka sauya. Gaskiyar magana, launukan ƙasa ba za su maye shuɗi da kore na kanti ba. Amfaninsu shi ne ɗalibi ya yi atisaye ba tare da lissafin kuɗi ba, ya ajiye na kanti don aikin jarrabawa.

Filasta kuwa ƙa'idarta ɗaya ce da ake yawan karyawa: kilo ɗaya ga ruwa mililita 700, kuma filasta ake barbaɗawa cikin ruwa, ba ruwa ake zuba mata ba. A bar ta ta jiƙa minti biyu kafin a juya. Buhun da ya kwana a buɗe da damina ya riga ya sha ruwa, ba zai kama ba ko an yi yaya.

Rini

Mun kai ɗaliban fannin tufafi marinar Ƙofar Mata a Kano, suka ga yadda ake haɗa baba da toka da katsi a rami, a bar shi ya tashi, da yadda zane ke fitowa kore-kore sai iska ta mayar da shi shuɗi a gaban ido. Duhun launi daga yawan tsomawa da shan iska yake zuwa, ba daga daɗewa a rami ba. A rumfa da soda da hoda ta kanti suke aiki, shi ya sa muka sayi safar hannu da tabarau, kuma soda ake zubawa a ruwa, ba akasin haka ba. Koken da ya fi yawa shi ne rini ya ƙi kamawa. Kusan kullum ɗaya ne cikin biyu: ko ba a wanke sitacin sabon yadi ba, ko yadin roba ne aka sayar musu da sunan auduga. A ƙona ɗan zare a gani. Auduga tana warin takarda ta bar toka mai laushi, roba kuwa narkewa take ta dunƙule.

Karatu da rubutu

Wasu mambobi sun ce wannan ba hurumin ƙungiya ba ne. Kwamiti bai yarda ba. Jami'a ba wurin koyon sana'a kaɗai ba ce. Ɗalibin zane yana ɗaukar darussan gama-gari na harshe da falsafa da al'adun al'ummomin Nijeriya, yana karanta tarihin zane, kuma ba ya fita sai ya rubuta kundin bincike. Da yawa suna ɗaukar waɗannan a matsayin shingen da za a tsallake, sai ranar kare aiki a tambayi mutum me ya sa ya zaɓi wannan siffa ya yi shiru. A zaman karatu na wata-wata mun sa kowa ya tsaya gaban aiki guda ya rubuta shafi ɗaya: me ido ya gani, yaya aka tsara shi, me yake nufi, sannan hukunci a ƙarshe. Wanda ya fi sakewa da Hausa ya fara da ita, ya juya zuwa Turanci daga baya. Rubutun ya fi tsabta ta haka, kwafe daga intanet ma ya ragu.

Ziyarar birnin Zariya a nan ta shiga. An zauna da littafin zane a tsohon Masallacin Juma'a, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu na ƙarni na 19, ana zana bakan gizo da ɗaurin guga, wato lanƙwasassun ginshiƙan da ke riƙe rufi, ana lura da yadda aka jera azara ta ɗauki nauyin rufi. An kuma bi unguwanni ana kwafar adon bango da zankwaye, waɗanda siminti ke cinyewa shekara bayan shekara. Tunda sabon tsarin manhaja da hukumar jami'o'i ta ƙasa ta fitar a ƙarshen 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari ta cike da abin da ya dace da yankinta, muna roƙon mambobinmu da ke koyarwa su matsa a ba ginin gargajiya da zayyana da rini gurbi a nan.

Akwai kuma tambayar da iyaye ke yawan kawo mana, ta zanen abu mai rai da mutum-mutumi. Ba mu ba da fatawa, wannan na malamai ne. Abin da muke bayyana musu shi ne fagen yana da faɗi: akwai tangaran, tufafi, zanen bugawa da talla, gilashi, tarihin zane da koyarwa. Sai dai mukan faɗa musu gaskiya cewa a shekarun farko ɗalibi yakan taɓa kowane fanni kafin ya zaɓi nasa, don kada a shiga da wata fahimta daban.

Kuɗi da abin da ya rage

Cikakken lissafi yana hannun ma'aji, za a raba kwafinsa a zauren taro. A taƙaice, hayar rumfa da gas na murhu su suka cinye kaso mafi girma, kuma kuɗin wata-wata bai shigo yadda aka yi alkawari ba. Baje kolin ayyukan ɗalibai da aka tsara bai yiwu ba, an ɗage shi zuwa baɗi. Muna neman amincewarku a kan abu uku: a sayi ma'aunin zafi na murhu mai kai digiri 1300, domin yanzu aro muke yi, a gina ƙaramin murhun itace don rage dogaro da gas, a kuma ware rana guda ta ɗalibai mata, saboda zaman yamma yana hana da yawansu zuwa. Duk mai tubalin wuta, tsohon sikeli ko injin juya tukwane da ba ya amfani da shi, ya sanar da sakatare kafin ranar taro don a aika a ɗauko.

Wassalam.
Kwamitin Zartarwa