Ƙwallon da ya wuce baya, a wuyan wa za a rataya shi?

Assalamu alaikum Malam Edita, barka da aiki. Ni mai sauraron shirinku na wasanni ne daga nan Bronx, kuma tunda sofbol, wasan nan mai kama da besbol da ake jefa ƙwallo a buga da sanda, zai dawo Olamfik a 2028 nasan za ku fara taɓo shi, shi yasa nace bari in kawo muku wani abu da yake ci min tuwo a ƙwarya tun bara.

'Yata shekararta 12, ita ce mai jifa a tim ɗinsu, ni kuma koci ya ɗora min rubuta maki, yanzu ma ba littafi ake riƙewa ba, manhajar GameChanger ce a waya, duk abin da ka danna iyaye na gani nan take. To in ƙwallo ya wuce bayan mai cafewa har mai gudu ta ɗaya tim ɗin ta ƙara gaba zuwa wani bes, wato ɗaya daga wuraren tsayawa da ake zagayawa kafin a ci maki, alƙalin wasa ba ruwansa, mai rubutu ne zai yanke hukunci. In jifan yayi sama da yawa, ko yayi gefe, ko ya daki ƙasa kafin ya iso, laifin na mai jifa ne, WP ake sawa, wato wild pitch, jifan da ya kauce. In kuwa ƙwallon ya zo daidai, wanda da ɗan ƙoƙari na yau da kullum za a kama shi amma ya suɓuce, sai a sa PB, wato passed ball, ƙwallon da ya kuɓuce, a kan mai cafewa. In ba wadda ta motsa daga bes ɗinta ba a rubuta komai.

Inda gizo ke saƙar shine makin da ya shigo ta WP yana hawa kan lissafin ERA na mai jifa, wato matsakaicin makin da ake ci ta dalilin jifanta, wanda ake auna shi a kan zagaye 7, na PB kuwa ba a ɗora mata. Shi yasa wasu iyayen masu jifa suke matsa wa mai rubutu. Ni da kaina uban wata mai jifa ya tare ni bayan wasa wai in maida masa WP uku su koma PB, alhali duka ukun sai da suka tada ƙura kafin su iso, kowa ya gani. Nace masa wallahi ba zan iya ba, ko 'yata ce haka nake rubuta mata, ranar ma biyu na sa mata.

Malam Edita ka dubi yarinyar da ke cafewa fa, shekara 11, tana tsugune cikin hular kwano da sulken ƙirji a zafin watan Yuli, tana tare ƙwallo da jikinta, cinyoyinta duk tabo, sannan ta koma gida ta buɗe waya taga an jibga mata laifin da ba nata ba. Da ƙyar ake samun yarinyar da zata yarda ta tsaya a wurin nan dama.

Kuma jifan ƙasa a wannan shekarun ba abin kunya bane. Yarinya ta baro rukunin 'yan 10 inda take jifa daga ƙafa 35 da ƙwallo mai inci 11, an maida ta ƙafa 40 da mai inci 12, dole ƙwallo ya riƙa faɗuwa kafin hannu ya saba. In an rubuta gaskiya koci zai san wa zai zauna da ita a tirenin, in an ɓoye kuma sai a yi ta horar da mai cafewa a banza, matsalar tana can wurin mai jifa.

Roƙona ku ware ko minti 5 ne a shirin ku yi bayanin wannan da Hausa, don iyayenmu da yawa a nan suna kai yara fili amma basu san me WP da PB ke nufi ba, in suka gani a wayar sai su hau yarinya da faɗa a mota.

Naku,
Wani uba daga Bronx, New York