A kan shirinku na masu ɗaukar hoto a titi

Malam Edita, assalamu alaikum.

Na kalli shirin dokumentarin da tasharku ta nuna a kan masu ɗaukar hoto a titi, kuma Allah Ya saka da alheri. Sai dai wani abu ya tsaya mini a rai. Tun daga farko har ƙarshe kyamarar Leica ake ta haskawa, ana jujjuya ta kamar mai shirin ciniki, amma ba wanda ya tsaya ya faɗa wa mai kallo abin da take yi da har ta yi wannan suna.

Leica kyamara ce mai auna nisa, wato rangefinder, ba ta gilashin gaba ake leƙawa ba. Tana da 'yar taga tata daban a gefe. A tsakiyar tagar akwai ɗan wuri mai haske inda abin da kake kallo ke fitowa biyu, sai ka murza zoben gilashi har biyun su hau kan juna, ka saita ke nan. Tunda babu madubin da ke ɗagawa ya faɗo a cikinta, ƙararta kaɗan ce, kuma tagar ba ta yin duhu sa'ad da ka danna. Babban amfaninta a titi kuwa, layukan iyakar hoto a cikin tagar suke, kana ganin abin da ke wajensu. Mai keke na tahowa daga hagu, ka hango shi tun bai shigo ba, ka jira shi ya iso inda kake so. Da an nuna mana wannan ko na minti ɗaya ne, da ya fi duk yabon da aka yi ta zubawa.

Oskar Barnack ne ya ƙera Leica a Wetzlar ta ƙasar Jamus, ta shiga kasuwa a 1925. Sai a 1932 aka haɗa mata ma'aunin nisa a jiki, samfurinta M3 kuma ya fito a 1954. Mai ɗaukar hoto Henri Cartier-Bresson na Faransa yakan rufe ƙyallinta da baƙin tef don kada ta ja ido, galibi kuma da gilashi mai milimita 50 yake aiki.

Tana da nata cikas, shirin bai ko taɓo shi ba. Da yake tagar da gilashin ba wuri ɗaya suke ba, idan abu ya matso kusa, abin da ka gani da abin da ya fito sukan ɗan saɓa. Dogon gilashi mai jawo abin da ke nesa ma ba ya yi mata daɗi. Kuma da yawa daga ƙwararrun nan tun kafin su fita suke tsuke ƙofar haske, su saita nisa a kamar mita uku, su yi ta ɗauka ba tare da sun taɓa ma'aunin ba.

Vivian Maier, wadda ta yi shekaru tana aikin raino a Chicago, yawancin hotunanta da aka fi sani da Rolleiflex ta ɗauke su, wadda ake riƙewa a ƙugu ana duba ta daga sama. Daido Moriyama na Japan da 'yar kyamarar Ricoh ta aljihu ya yi ta yawo a Tokyo. Matashin da ya kalli shirinku zai tashi da zaton sai ya mallaki Leica zai fara, alhali wayar hannunsa ma ta fi ta rashin ƙara.

Roƙona, idan za a sake irin wannan shiri, a nuna mana takardar da ake buga hotunan fim guda gaba ɗaya a jere, 36 ɗin nan, mu ga waɗanda aka zagaye da jan alƙalami da waɗanda aka watsar. Mai ɗaukar hoto Garry Winogrand na Amurka ya rasu a 1984 ya bar naɗin fim kusan 2,500 da ko wankewa ba a yi ba. A tambayi masu aikin sau nawa suke kuskurewa kafin su dace, a kuma tambaye su abin da suke yi idan wanda suka ɗauka ya juyo ya ce bai yarda ba.

Na gode.

Naka,
Mai kallon shirye-shiryenku