Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kamfanin da ya sa wa motata ƙararrawa a Sakkwato

Zuwa ga Manaja,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ba da son raina na kawo wannan magana bainar jama'a ba. Na yi ta sintiri zuwa shagonku, kullum amsar ɗaya ce: oga ya fita, a dawo gobe. Ban ambaci sunan kamfaninku ba domin gyara nake nema, ba tonon silili ba, amma kun san motar, kuma rasit ɗinku yana hannuna.

Motata Toyota Corolla ce ƙirar 2012, 'yar Kwatano. Na kawo ta a sa mata ƙararrawa, sai yaronku ya kwaɗaita mini irin wadda ke tayar da inji daga nesa da rimot. Duk wanda ya taɓa kama sitiyarin motar da ta wuni a rana a garin nan cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ya san abin da ya sa na amince. Sharaɗi ɗaya na kafa, a gaban mai karɓar kuɗinku: kada a taɓa tsaron da motar ta zo da shi daga masana'anta. Aka ce in kwantar da hankalina, ƙari za a yi mata.

Tsaron da nake nufi shi ne imobilaiza. A cikin kan mabuɗin motar akwai ɗan ƙaramin cip, kuma a jikin ƙarfen mabuɗin an buga harafin G, alamar irin cip ɗin ke nan. A bakin ramin mabuɗi kuma akwai zoben waya da ke karanta lambar sirrin cip ɗin ya miƙa ta ga ƙwaƙwalwar mota. In lambar ba ta dace ba, sitata za ta yi ta juyi amma inji ba zai kama ba, ko da ɓarawo ya yanko mabuɗi iri ɗaya sak. Tarayyar Turai ta wajabta wannan na'ura a kan sababbin motoci tun 1998, kuma a Amurka daga 2021 an ga yadda aka yi ta ɗauke motocin Kia da Hyundai da ba su da ita. Jiniya dai kuka take yi, kuma mutane sun saba da kukanta har ba mai waiwayawa. Imobilaiza ita ce ke hana motar tafiya.

Bayan aikinku motar ta fara gardamar tashi. Yau ta kama bugu ɗaya, gobe sai na zare mabuɗi na mayar kafin ta yarda. Na kai wa wani dattijon rewaya, ya kwance murfin da ke bayan sitiyari, ya kira ni in gani da idona. Ga cip nan an manne shi da gam a jikin zoben, an naɗe da baƙin salatif. Sai ya ce in kawo ɗaya mabuɗin nawa, wanda yaranku suka karɓa wai za su saita shi da na'ura. A gefen robarsa ga tabon sukundireba, da aka buɗe kuma ciki fayau. Cip biyu ne ke amsa wa zoben a lokaci guda, na manne da na mabuɗin da ke hannuna, shi ya sa ƙwaƙwalwar ke rikicewa.

Dattijon bai tsaya nan ba. Ya aika aka yanko mabuɗin ƙarfe zalla a wurin masu yankan makullan gida, ya zura, ya murɗa, motata ta tashi. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne fitilar nan ta tsaro tana nan tana ƙyaftawa kamar kullum idan an zare mabuɗi, don haka mai mota ba shi da wata alama da za ta nuna masa an kashe masa kariya. Mu da muke da iyakar Illela kusa da mu, motar da aka ɗauka bayan sallar isha'i tana iya kwana a Konni. Na biya kuɗi don gudun gara, kun kai ni gidan zago.

Na san tayar da mota daga nesa yana buƙatar a gamsar da imobilaiza, tunda babu mabuɗi a rami. Amma akwai hanyar yin haka. Ana sayar da ƙaramar na'urar haɗi da ke koyon lambar mabuɗi, ta yi magana da ƙwaƙwalwar mota ta wayoyin sadarwarta, kuma ba ta ba da lambar sai a daidai lokacin da aka danna rimot. Ko tsohuwar dabarar ɓoye mabuɗi a akwati tana da rile, wato makunni mai aiki da kansa, da ke haɗa shi da zoben na ɗan lokacin tashi kawai. Ku ba ku yi ko ɗaya ba, kuka zaɓi gam da salatif, alhali a rasit an rubuta kuɗin na'urar haɗi. Ina take?

Sauran aikin ma bai fi wannan kyau ba. Rimot ɗin motar na asali yana buɗe ƙofa, amma ƙararrawarku ba ta san an buɗe ba, domin ba a haɗa ta da wayoyin kulle da buɗewa ba. Da na danna shi sai jiniya ta kaure, har maƙwabtana a Mabera sun fara yi mini tsiya da asuba. Wayar da ke kai wa ƙararrawar wuta ba ta da fiyus. Haɗe-haɗen duk murɗa su aka yi da hannu, ba dalma ba komai, kuma salatif ɗin ya riga ya saki danƙonsa saboda zafi, yana reto dab da wayoyin nan masu ruwan ɗorawa na jakar iska, waɗanda ko sabon ɗan koyo an hana shi kusanta. Batir kuma kullum a kwance. Motar da ke a kashe bai kamata ta riƙa shan wutar da ta wuce kimanin miliyamfiya 50 ba, tawa da aka ɗora mita ta ninka haka.

Da na nuna wa babban yaronku hotunan, cewa ya yi haka ake yi ko'ina, kuma tunda wani ya buɗe aikin garanti ya faɗi. Ranka ya daɗe, in ba a buɗe ba ta yaya za a gani? In kuwa da gaske haka ake yi ko'ina, to ya kamata a faɗa wa mai mota kafin a karɓi kuɗinsa, ya zaɓa da kansa ko sanyin esi ya fi masa motar.

Abin da nake nema shi ne a cire cip ɗin daga jikin zoben, a ba ni sabon mabuɗi na biyu da aka saita da motar a kan kuɗinku, tunda wancan kun farke shi. A sa na'urar haɗin da na biya, ko a cire tayarwa daga nesa gaba ɗaya a mayar mini da kuɗinta. A sake wayarin da dalma da fiyus, a gaban rewayan da na yarda da shi, sannan a gwada mabuɗin ƙarfen nan a gabana in ga motar ta ƙi tashi. Kuɗin batir ma ina jira.

Akwai kuma waɗanda kuka yi wa irin wannan aiki kafin ni, suna yawo da motoci ba su san halin da suke ciki ba. Lambobinsu suna cikin littafinku, ku kira su. Wanda ya karanta wannan kuma aka taɓa karɓar mabuɗinsa na biyu wajen sa ƙararrawa, ya duba ko an ɓanɓare shi, ya kuma gwada mabuɗi marar cip.

Na ba ku mako biyu daga yau. In ban ji daga gare ku ba, zan kai rasit da hotuna da farkakken mabuɗin ga hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye, wadda dokar 2018 ta ba ikon sauraron irin wannan ƙara, kuma a can dole in faɗi sunanku.

Wassalam.

Abokin cinikinku,
Mabera, Sakkwato